Tashar Da Mutum 700 Suka Raya: Labarin Wani Gidan Talabijin Na Kirista A Amurka

 

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan akwai ta wani bawan Allah, ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da yadi, wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa. Ya ce wasu mutane masu mutunci sun same shi a rumfarsa da takarda, suna neman ya yi alkawarin ba da wani abu kowane wata domin a kafa tashar talabijin ta addini a tauraron ɗan'adam. Ya ce shi bai ƙi ba, bai kuma zargi kowa ba. Amma da ya tambaye su, in tashar ta tsaya da ƙafafunta, ta wa ce, sai suka yi murmushi suka ce ta Allah ce. Abin da yake so ya ji daga gare mu shi ne, ko wannan amsa ta isa mutum ya sa hannu a aljihu.

Mun ga ya fi kyau, kafin mu buɗe littattafan fiƙihu, mu ba Alhaji labarin wata tasha wadda aka kafa a kan irin wannan alkawari, fiye da shekara 60 da suka wuce, a ƙasar Amurka. Wani zai ce me ya kawo tarihin tashar Kirista cikin filin Musulunci? To, su ne suka riga kowa shiga wannan kogi, sun taka zurfinsa, sun ga inda yake cin mutane, kuma Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ba kuwa mun manta ba ne cewa mutumin da ya kafa tashar ya sha faɗin maganganu masu zafi a kan Musulunci, har a 2002 ya taɓa mutuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a wata hira ta talabijin. Mun ƙi wannan ƙwarai. Sai dai Suratul Ma'ida ta hore mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci, saboda haka za mu ba da labarin yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Portsmouth gari ne na bakin teku a Jihar Bajiniya, yana fuskantar birnin Norfolk, kogi ne kawai ya raba su. Wuri ne na ma'aikatan tashar jiragen ruwa da sojan ruwa da iyalansu, ba garin attajirai ba. A ƙarshen shekarar 1959 wani saurayi mai suna Pat Robertson ya iso can da matarsa da 'ya'yansa ƙanana, da dala 70 a aljihunsa. Shi dai ba ɗan talakawa ba ne. Mahaifinsa sanata ne mai wakiltar Bajiniya a majalisar dattawan Amurka, shi kansa kuma ya karanta aikin lauya a Jami'ar Yale, amma bai ci jarrabawar shiga aikin ba. Daga baya ya juya ga addini, ya shiga makarantar horar da limaman Kirista a New York, ya gama a 1959. Abin da ya kawo shi Portsmouth shi ne labarin wani gidan talabijin da ya durƙushe, aka rufe shi, 'yan iska suka farfasa tagoginsa suka lalata kayan ciki. A watan Janairu na 1960 ya yi rajistar ƙungiyar da aka sani da CBN, watau ƙungiyar watsa shirye-shiryen Kirista, ya buɗe mata asusu a banki da dala 3, sa'an nan ya yi cinikin kangon nan a kan dala 37,000 wadda ba shi da ita.

Masu karatu 'yan kasuwa za su tambaya, me ya sa gidan talabijin sukutum ya yi araha haka? Dalili kuwa shi ne tashar tana kan lamba 27, a zangon da ake kira UHF, alhali kuwa yawancin akwatunan talabijin da ke gidajen Amurkawa a lokacin ba sa kama komai sama da lamba 13. Wanda yake son ya kalli lamba 27 sai ya sayi wata 'yar na'ura dabam ya haɗa da akwatinsa. Sai a 1962 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera akwatuna su sa wannan zango a ciki, dokar kuma ba ta fara aiki ba sai 1964. Ashe ke nan rumfa ya saya a lungun da ba mai bi, shi ya sa masu ita na farko suka kasa.

Ya sa wa tashar suna WYAH, haruffa uku na ƙarshe daga sunan Ubangiji a harshen Ibrananci. Ta fara aiki ranar Lahadi, 1 ga Oktoba, 1961, ranar da mu a nan muke bikin cika shekara ɗaya da samun mulkin kai, watanni kaɗan kafin talabijin ta Kaduna ta fara aiki a 1962. Tarihi ya riƙe ta a matsayin gidan talabijin na farko a Amurka da aka kafa musamman domin addinin Kirista. Amma fa kada sunan nan ya ruɗi mai karatu ya zaci wani abu ne mai ƙawa. Tsofaffin na'urori ne masu yawan tsayawa, ga ƙarfin watsawa kaɗan, da ƙyar hoton yake fita bayan gari. 'Yan sa'o'i kawai take yi a rana. Abin da take nunawa kuwa shi ne wa'azin shi Robertson, da na limaman majami'un unguwa, da waƙoƙin addini, da abin da aka samu aro. Da farko ba ta karɓar talla ko kaɗan, domin ra'ayin mai ita a lokacin shi ne aikin Ubangiji ba a haɗa shi da tallan sabulu.

Wannan niyya ce mai kyau a ma'aunin kowane mai addini, sai dai kamfanin lantarki ba ya karɓar niyya a ƙarshen wata. Cikin shekara biyu tashar ta kai bakin rami. A nan ne, a ƙarshen 1963, aka yi abin da ya sa muka ɗauko labarin. Robertson ya zauna ya yi lissafi irin na ɗan tireda, ya ga kuɗin tafiyar da tashar dala 7,000 ne a wata. Bai tafi neman attajiri guda wanda zai ɗauke nauyin duka ba. Sai ya fito a talabijin ya ce yana neman mutum 700, kowannensu ya yi alkawarin dala 10 a wata. Ya kira su ƙungiyar mutum 700. Aka yi kwanaki ana roƙo a kan allo, ana karɓar alkawari ta tarho, ana karanta sunaye.

Mu tsaya a nan kaɗan, domin akwai hikima a wannan lissafi, ko da wa ya yi shi. Tashar da mutum ɗaya yake ciyarwa, ranar da ya yi fushi, ko ya karye, ko ya mutu, ranar za ta mutu. Kafin nan ma ba mai iya faɗin abin da zai ɓata masa rai a cikinta, gama kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Amma mutum 700 ba sa yin fushi rana ɗaya. Dala 10 kuma ba ta fi ƙarfin ma'aikacin jirgin ruwa ko tsohuwa mai karɓar fansho ba. Bugu da ƙari, wanda ya ba da nasa kowane wata yakan ji tashar tasa ce, ya kalle ta, ya kira maƙwabcinsa ya kalla. Da yayyafi kogi kan cika. Mu ma ai mun san wannan tun kafin talabijin, da ƙwaryar hatsi da kuɗin Laraba aka riƙe makarantun allo ɗaruruwan shekaru. Abin da mutumin nan ya ƙara shi ne rubuta suna, da ƙayyade adadi, da tunatarwa kowane wata.

A 1965 aka ɗauki wasu matasa biyu, miji da mata, Jim Bakker da Tammy Faye, masu yawon wa'azi. Suka fara shirin yara da 'yartsana, wanda ya zama abin da aka fi kallo a tashar, domin yaro in ya kama akwati, uwa ma ta zauna. A shirin neman gudummawa na ƙarshen wannan shekara kuɗi suka ƙi taruwa, sai Bakker ya fashe da kuka a gaban kyamara, yana cewa tashar za ta rufe. Tarho ya dinga kaɗawa har tsakar dare ta wuce, aka tara kuɗi masu yawa. Daga nan masu tashar suka fahimci abu biyu. Na farko, mutane suna son su kira a saurare su, a yi musu addu'a a kan ciwo da bashi da rikicin aure. Na biyu, hawaye yana kawo kuɗi. Darasi na farko ya haifi shirin da ya ɗaukaka su, na biyu kuwa shi ya kai Bakker kurkuku bayan shekara 24, kamar yadda za mu gani.

Shirin da muke nufi shi ne The 700 Club, wanda aka fara a 1966, aka sa masa sunan waɗancan masu alkawari. Ba wa'azi ne irin na mumbari ba. Sun dubi shirye-shiryen hira na dare waɗanda Amurkawa suka saba kallo, suka ɗauki siffarsu: mai gabatarwa a zaune, baƙi a kan kujera ana taɗi, ga mawaƙa, ga mutum ya zo ya ba da labarin yadda ya bar giya ko ya warke daga ciwo. A bayan fage kuma ga jerin mutane riƙe da tarho suna amsa masu kira. Daga baya aka ƙara labarun duniya da sharhi a kansu, ta mahangar mai tashar. Duk wanda ya kira, an sami sunansa da adireshinsa, gobe wasiƙa za ta same shi. Ta haka shirin ya zama wa'azi, ya zama ɗakin shawara, ya kuma zama baitulmali a lokaci guda.

To, sai aka shiga mataki na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko muhimmanci ga mai tambayarmu. Gidan talabijin ba kamar masallaci ba ne da za a buɗe sau biyar a rufe. Akwati yana son abinci daga safe har dare, kuma mai kallo, komai imaninsa, ba ya zama awa goma sha yana jin wa'azi. In ya murɗa ya tafi wata tasha, ba lalle ya dawo ba. Saboda haka a farkon shekarun 1970 WYAH ta sauya ra'ayi. Ta fara karɓar talla, ta fara sayen tsofaffin shirye-shiryen nishaɗi, finafinan kaboyi, da wasannin ban dariya, da katun na yara, tana jera su kewaye da shirye-shiryen addini, domin wanda ya zo kallon kaboyi ya tarar da wa'azi a gaba. Sun yi ƙoƙarin sa wa abin linzami. Suna tace finafinan, su kashe muryar inda aka yi ashar, su ƙi nuna abin da suka ga ya saɓa wa tarbiyya, ranar Lahadi kuma shekaru da dama addini ne zalla. Duk da haka, sannu a hankali sa'o'in nishaɗi suka rinjayi na addini, har baƙon da ya kunna lamba 27 da rana ba zai gane ta Kirista ce ba.

Ba mu kawo wannan don mu yi musu dariya ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin wani aikin addini ya san yadda ake zamewa irin wannan. Ba a yin ta da mugun nufi, kuma ba a yin ta rana ɗaya. Yau a ce a karɓi tallan nan guda ɗaya domin a biya albashi, gobe mai tallan ya ce yana son lokacin da aka fi kallo, jibi a matsar da karatun zuwa bayan sha ɗayan dare.

Da kuɗin talla da na gudummawa ƙungiyar ta bunƙasa. Ta buɗe tasha a Atlanta a 1971, ta sami wata a Dallas a 1973, da wata a Boston a 1977. A 1977 ɗin nan ne kuma ta hau tauraron ɗan'adam, ta kafa tashar da ake kamawa ta wayar kebul a duk faɗin Amurka. Ta kafa jami'a wadda yanzu ake kira Regent, da ƙungiyar agaji mai suna Operation Blessing a 1978, ta kuma ƙaura da hedkwatarta zuwa wani katafaren gini a Virginia Beach. A 1981 ta haɗa kai da wani kamfanin katun na Japan aka yi Superbook, labarun Baibul domin yara, ta kuma fara wasan kwaikwayo mai dogon zango, Another Life, wanda ya ɗauki shekara uku. Waɗannan biyu sun iso ƙasar nan, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan da ke karanta wannan fili sun kalle su suna yara ba tare da sun san daga ina suka fito ba. A 1982 ta karɓi wata tasha a kudancin Labanon tana watsa shiri zuwa ƙasashen Larabawa da Isra'ila. Tana kuma da ofishi a Abuja.

Shi kuwa Bakker tun 1972 ya bar Portsmouth. Ya taimaka aka kafa wata tashar Kirista a Kalifoniya a 1973, sa'an nan ya kafa tasa ƙungiyar, PTL, a Jihar Karolina ta Arewa. Adalci ya sa mu faɗi cewa abin da ya aikata a can ya aikata shi, ba a WYAH ba. Ya gina wurin shaƙatawa na Kirista da otal, ya dinga sayar wa masu kallo alkawarin cewa wanda ya ba da dala 1,000 zai riƙa kwana uku a otal ɗin kowace shekara har ƙarshen ransa. Ya sayar da alkawuran da suka ninka ɗakunan da ke akwai nesa ba kusa ba, watau sayar da abin da ba ka mallaka ba, wanda kowane ɗalibin babin ciniki ya san hukuncinsa. A 1987 asirinsa ya tonu ta wata hanyar dabam, abin kunya tsakaninsa da wata ma'aikaciya da kuɗin toshiyar baki. A 1989 kotu ta same shi da laifin zamba, ta yanke masa shekara 45, daga baya aka rage, ya fito a 1994.

Wutar nan ba ta tsaya a gidansa ba. Jama'a suka ɗauke hannu daga masu wa'azin talabijin gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi. Ta kuma zo daidai da lokacin da Robertson ya bar allo ya shiga neman takarar shugabancin Amurka a jam'iyyar Rifablikan, takarar 1988 wadda bai samu ba. Gudummawa ta faɗi warwas, CBN ta sallami ɗaruruwan ma'aikata a 1987. Hukumar haraji ma ta bi sawu, har a 1998 aka daidaita a kan cewa ƙungiyar ta rasa rangwamen harajinta na 1986 da 1987 saboda tsoma hannu cikin siyasa. Tashar Atlanta an riga an sayar da ita a 1984, ta Boston ta bi baya. A 1989 aka sayar da uwar gidan kanta, WYAH, ga wasu 'yan kasuwa, suka sauya mata suna zuwa WGNT. Daga nan ta zama gidan talabijin na kasuwanci kamar kowane, ta yi ta sauya iyayen gida. Shekara 28 ke nan tsakanin buɗewa da sayarwa.

Saura tashar tauraron ɗan'adam, wadda a 1988 aka sa mata sunan tashar iyali. Ita matsalarta dabam ce: riba ta yi mata yawa. Dokar Amurka ba ta yarda ƙungiyar da aka yafe wa haraji domin addini ta zama mafi yawan abin da take samu daga kasuwanci yake fitowa ba. Saboda haka a 1990 CBN ta sayar da ita a kan dala miliyan 250 ga wani sabon kamfani. Su wa ke riƙe da ragamar sabon kamfanin? Shi Robertson da ɗansa Timothy, tare da wani babban kamfanin kebul. A 1997 aka sayar da kamfanin ga rukunin Fox na Rupert Murdoch a kan kimanin dala biliyan 1.9. Ƙungiyar CBN da jami'arta sun sami rabo mai tsoka, domin suna da hannun jari a ciki, shi da ɗansa ma sun sami nasu. A 2001 kamfanin Disney ya saye ta, a 2016 ya sa mata suna Freeform, tashar nishaɗin samari da 'yanmata.

Ba mu ce an karya doka a wannan ciniki ba, kuma ba wata kotu da ta ce haka. Masu kare shi suna cewa kuɗin da aka samu sun raya jami'ar, sun kai shirye-shiryen ƙasashe masu yawa, kuma wannan gaskiya ne. Amma mu koma ga tsohuwar nan ta Portsmouth da ta fara aika dala 10 a 1963. Ba wanda ya zalunce ta a shari'ance, domin ba a taɓa yi mata alkawarin komai a rubuce ba. Kyauta ta bayar, kyauta kuwa in ta fita hannu ta fita. Sai dai a ranta tana gina gidan Ubangiji ne a lamba 27, kuma ba wanda ya zo ya tambaye ta ranar da za a sayar.

Yanzu sai mu juyo ga Alhaji mai atamfa. Amsar da aka ba ka, cewa tashar ta Allah ce, gaskiya ce, amma rumfarka ma ta Allah ce, duk da haka akwai sunan da ke kan takardarta. Kuɗin da mutum zai sa a irin wannan aiki ba ya wuce ɗayan uku. Ko dai sadaka ce ta tafiyar da aiki, a biya albashi da man janareto da hayar tauraron ɗan'adam, wannan ana cinye ta a wata, ladanka yana wurin Allah, ba ka da sauran magana sai dai a kan ko an kashe ta inda aka ce. Ko kuma hannun jari ne, kana da rabo a riba da hasara, wannan kasuwanci ne, halal ne, amma a kira shi da sunansa. Ko kuwa wakafi ne, wanda malamanmu na Malikiyya suke kira hubusi. Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibara, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, aka sharɗanta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Mazhabarmu ta tsananta ƙwarai a kan sayar da fili ko ginin wakafi. Ta yi sauƙi a kan abin da ake ɗauka, in ya daina amfani a sayar a sa kuɗin a irinsa, kuma kyamara da na'urar watsa shiri nan suka faɗa, tun da kayan zamani ne masu saurin tsufa. Wakafi kuma dole ne ya kasance da naziri, watau mai kula, wanda aka san shi, aka san wa zai gaje shi, aka san wa zai tuhume shi. Zakka kuwa a ajiye ta gefe tukuna. A mashhurin mazhabarmu ko masallaci ba a ginawa da ita, ko da yake wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah har ta haɗa da aikin da'awa.

Akwai wani abu kuma da ya shafi ƙasarmu, wanda ma'aikatan gwamnati cikin masu karatu za su fi mu sani. Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa a 1992 ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasin watsa shirye-shirye. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka tarar tashar da ake tara wa kuɗi a masallaci ko a coci, a takarda kamfani ce mai hannun jari da sunan mutum biyu ko uku. Wataƙila mutanen kirki ne, ba mu da shakka. Amma hannun jari dukiya ce, in mai ita ya rasu ta shiga gado, alƙali kuwa da takarda yake aiki. An taɓa kiranmu sulhu a wani gari, a kan wata makarantar Islamiyya da jama'a suka gina da kuɗinsu da guminsu, amma takardar filin tana da sunan shugaban kwamiti, domin a lokacin an ga haka ya fi sauƙi. Ya rasu yana mutumin kirki, bai ci ko kwabo ba. Magadansa kuwa ba su san wancan zance ba, kuma mafi yawan shaidun sun riga shi tafiya. Mun yi zama huɗu ba mu gama ba. Don haka, Alhaji, ka nemi a nuna maka takardar rajista, ka ga ko amintattu ne suka riƙe ko kamfani ne. Ka tambaya ina aka rubuta abin da zai faru da kayan in an rufe ko an sayar, da irin tallan da ba za a karɓa ba, da wanda zai duba lissafi kowace shekara ya karanta wa masu bayarwa. Wanda ya yi fushi da waɗannan tambayoyi, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa ita.

Abu ɗaya ya rage daga labarin Portsmouth. Lokacin da aka sayar da tashar tauraron ɗan'adam, an rubuta sharaɗi a cikin yarjejeniyar cewa duk wanda ya mallake ta, dole ya ci gaba da nuna shirin The 700 Club. Sharaɗin ya bi tashar daga hannu zuwa hannu, ya ɗaure Fox, ya ɗaure Disney. Robertson ya sauka daga gabatar da shirin ranar 1 ga Oktoba, 2021, ranar da tashar farko ta cika shekara 60, ya bar wa ɗansa Gordon, ya mutu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 93. Ita kuwa Freeform, wadda sauran shirye-shiryenta ba su da alaƙa da addini ko ta kusa ko ta nesa, ta ci gaba da tsayar da nishaɗinta tana sa shirin, bayan ta rubuta wa masu kallo a kan allo cewa abin da za su gani ba ra'ayinta ba ne.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙar wani malamin makaranta a kan cire kuɗin gudummawa daga albashi ba da izinin mai shi ba.